RAGAR JIJIYAR ZUCIYA MAI NARKEWA: Me ke faruwa da ita bayan an sa ta?

   

Saƙo biyu ne suka haɗu suka ba mu abin tattaunawa a yau. Na farko daga wani ɗan'uwa a yankin Ƙiru. Ya ce za a fita da mahaifinsu waje saboda toshewar jijiyar zuciya, kuma an ce musu raga iri biyu ce: akwai ta ƙarfe wadda za ta zauna a jiki har ƙarshen rayuwa, akwai kuma mai narkewa wadda ta fi tsada. Wacce za su zaɓa? Na biyu daga wata Hajiya a Tudun Wada. Ta ce an sa wa maigidanta mai narkewar a Indiya a 2015, shin yanzu ta narke? In ta narke, zai iya ajiye magungunan nan da suka ishe shi?

Malam da Hajiya, na gode. Amsarku ɗaya ce a tushe, domin duka biyun suna komawa ga abin da ragar nan take yi a cikin jijiya daga ranar da aka sa ta har zuwa ranar da ta ɓace. Amma bari mu fara da abin da ya sa ake sa ta tun farko, saboda wasu masu sauraren yau suka fara jin labarinta.

Zuciya famfo ce, kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ita ma tana da nata jijiyoyin da suke ciyar da ita, suna kwance a bayanta. Ba su da girma fa. Faɗin kowace bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar bututun tawadar biro. A hankali maiƙo yana taruwa a bangon jijiyar, hawan jini da ciwon suga da taba suna taya shi, har hanya ta matse. Mutum ya hau tudu ko ya ɗan yi sauri sai ya ji kamar an ɗora masa dutse a ƙirji. Ranar da maiƙon nan ya fashe jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe gaba ɗaya, shi ne bugun zuciya.

A da ana cewa wannan ciwon Turawa ne. Wani bincike da aka yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, aka wallafa a 2006, ya nuna cikin manyan da aka kwantar a sashen jinya a tsawon shekara biyar, masu wannan ciwon ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. To amma tafiya ta canza. Farfesa Simeon Isezuo na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ya jagoranci tattara bayanan mutum 1,072 da irin wannan ciwon ya kai su asibitoci a faɗin Najeriya tsakanin 2013 da 2018, kuma mafi yawansu masu hawan jini ne. Hawan jini kuwa, ku gaya min gidan da babu shi a ƙasar nan tamu.

Yadda ake buɗe hanyar ba sai an tsaga ƙirji ba. Likita zai zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta matsematsi har ya kai zuciya, ya hura wata 'yar balan-balan a daidai inda ya matse. Wani likita mai suna Andreas Gruentzig ne ya fara yin haka a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1977. Matsalar ita ce jijiya takan koma ta tsuke bayan an zare balan-balan ɗin. Shi ya sa a 1986 aka fara barin wata 'yar raga ta ƙarfe a wurin ta tokare bango, ita ce likitoci suke ce wa sitent. Ita ma ta zo da nata, domin tsoka takan tsiro ta cikin ragar ta sake cike hanya. Sai a wajen 2002 zuwa 2003 aka fito da ragar da aka shafe ta da maganin da ke hana wannan tsirowar. Wannan ita ce ragar da ake sa wa mafi yawan mutane a duniya har gobe.

To daga nan ne wasu masana suka yi wata tambaya mai ma'ana. Suka ce jijiya fa tallafi take buƙata na 'yan watanni, kafin ta warke ta tsaya da kanta. Don me za a bar mata ƙarfe har abada? Ku duba mai ɗori. Yana ɗaura karan ɗori, in ƙashi ya kama sai ya kwance. Ba wanda yake yawo da karan ɗori shekara ashirin. Kuma barin ƙarfen yana da illarsa: wurin ba ya iya buɗewa da tsukewa kamar yadda lafiyayyar jijiya take yi, in an buƙaci tiyata a gaba yana iya tare wurin da za a yi ɗinki, sannan duk shekara akwai ɗan ƙaramin kaso na mutanen da tsohuwar ragarsu take ba su matsala. Wallahi tunani ne mai kyau, ni ma da na fara jinsa ya burge ni.

Japanawa ne suka fara gwadawa a jikin mutum a ƙarshen shekarun 1990, da wata raga mai suna Igaki-Tamai. Amma wadda ta cika duniya ita ce Absorb ta kamfanin Abbott na Amurka. An fara sa ta a ƙasar Niyu Zilan a 2006, Turai ta amince da ita a 2011, sannan hukumar FDA ta Amurka, wato kamar NAFDAC ɗinmu, ta amince a watan Yulin 2016. A lokacin kamfanin ya ce an riga an sa wa sama da mutum 150,000 a duniya. Indiya na cikin ƙasashen da aka yi ta sa ta, kuma shekarun nan ne mutanenmu suka yi ta zuwa can neman lafiya. Hajiya, in a 2015 aka yi wa maigida aiki a Indiya aka ce mai narkewa ce, da wuya in ba ita ba ce. Amma a duba takarda, zan dawo kan wannan.

Da me aka yi ta? Wata irin roba ce da ake haɗawa daga sinadarin laktik. Kada sunan ya ba ku tsoro, shi ne sinadarin da yake sa nono ya yi tsami. A masana'anta daga sukarin amfanin gona irin su rake da masara ake samo shi. Mutanen Doguwa, kun ji inda masara take kaiwa. Matan da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa aka ce musu zaren ba sai an cire ba, to dangi ɗaya ne da wannan.

Yauwa. Yanzu mu bi ta a hankali daga ranar farko.

Ranar da aka sa ta, tana tsaye da ƙarfinta, ta tokare bango kamar ta ƙarfe. An shafe ta da magani mai suna ebarolimus, kuma mafi yawansa yana fita ne a watanni ukun farko. A wannan lokacin jiki yana shimfiɗa wata siririyar fata a kan sandunan ragar, yana binne su a cikin bango. Amma tun daga ranar farkon ruwan jiki ya fara shigarta. Kalmar narkewa tana ɗan ruɗar mutane, sai su ɗauka kamar ƙanƙara ce ko sukari a shayi, tana raguwa daga waje har ta ƙare. Ba haka ba ne. Robar nan a cikinta dogayen zaruruwa ne da suka sarƙe da juna, ruwa kuma yana bin su yana tsinka su gunduwa-gunduwa, ciki da waje lokaci guda. A ido tana nan yadda take, girmanta bai ragu ba, amma ƙarfinta yana tafiya.

Wajen wata shida zuwa shekara guda, ƙarfin tokarewar ya tafi. Daga nan sandunan sukan fara rabuwa da juna, suna kakkaryewa. Ku lura, wannan ba lalacewa ba ce, haka aka tsara ta. Dole sai ta kakkarye kafin ta ɓace. Sai a shekara ta biyu zuwa ta uku ne gutsattsarin suke komawa sinadarin laktik ɗin da aka yi su da shi, jiki ya ƙone shi kamar yadda yake ƙone abinci, ya zama ruwa da iskar da muke fitarwa in mun numfasa. Gurbin da sandunan suka bari sai naman jiki ya cike shi. Wajen shekara uku an gama. Abin da yake saura kawai wasu 'yan ɗigo-ɗigo ne na farin ƙarfen filatinam a bakinta biyu, waɗanda aka sa don likita ya gane wurin a hoto, tunda ita robar ba ta fitowa a hoton eksire.

To ina matsalar take? Tana cikin wannan tsakiyar, lokacin da ragar ta daina aiki amma ba ta tafi ba.

Ku ɗauki darnin kara da aka yaɓe da laka. Shekara ta zagayo gara ta cinye karan. Inda yaɓen ya rufe karan ruf, ba abin da zai faru, laka ta riga ta bushe ta tsaya, ba ma za ka san an ci karan ba. Amma inda mai yaɓe ya yi ha'inci ya bar kara a waje, ranar da ya ruɓe ina zai faɗa? Cikin lungu, kan hanyar mutane. Haka ragar nan take. Sandan da ya manne da bango fata ta rufe shi, lafiya lau zai narke a ɓoye. Sandan da bai manne ba, yana lilo a cikin hanyar jini, ranar da ya karye sai ya faɗo tsakiyar jijiya. Shi kuwa jini, da ya ci karo da baƙon abu, daskarewa yake yi. Likitoci sun zura 'yar kyamarar haske cikin jijiyoyin waɗanda abin ya faru da su bayan shekara ɗaya ko biyu, sun ga gutsattsarin da idonsu. Ragar ƙarfe ko ba ta manne sosai ba, aƙalla ba ta karyewa ta faɗo haka.

Akwai kuma maganar kauri. Roba ba ta kai ƙarfe ƙarfi ba, don haka sai da aka yi sandunanta da kauri kafin su iya tokare jijiya. Na Absorb sun ɗan haura maikiron 150, na ragar ƙarfe mai suna Xience kuwa 81 ne, kusan rabi ke nan. Maikiron ɗaya shi ne milimita ɗaya an raba ta gida dubu, za ka ce ai wannan ba komai ba ne. Amma je ka bakin kanal ɗin da ya taso daga dam ɗin Tiga ka duba. Inda siminti yake sumul ruwa wucewa yake yi. Inda dutse ya ɗan turo kai, sai ka ga ruwa yana juyi a bayansa, ciyawa da leda suna taruwa. A cikin jijiyar da ba ta wuce bututun biro ba, wannan ɗan kaurin yana sa jini ya yi juyi, kuma yana sa fata ta daɗe ba ta rufe sandan ba. Shi ya sa aka fi samun matsala a ƙananan jijiyoyi.

Ba hasashe nake muku ba, ga alƙaluma. 'Yan watanni kacal bayan Amurka ta amince da ita, a ƙarshen 2016, sakamakon shekara uku na binciken ABSORB II ya fito. Mutum 501 ne, 335 aka sa musu mai narkewa, 166 ta ƙarfe. Jini ya daskare a ragar mutum 9 cikin masu mai narkewa, 6 daga ciki bayan an wuce shekara guda. A ɓangaren ƙarfe ko mutum ɗaya babu. Abin takaicin ma, alƙawarin da aka yi cewa jijiya za ta dawo tana motsi fiye da mai ƙarfe, da aka auna ba a ga bambanci ba. A 2017 sai ga wani binciken daga ƙasar Holan mai suna AIDA, mutum 1,845. Daskarewar jini: 31 a mai narkewa, 8 a ta ƙarfe. Masu sa ido kan binciken ba su ma bari an kai lokacin da aka tsara ba, suka ce a fitar da sakamakon mutane su sani. A watan Maris na shekarar FDA ta rubuta wa likitoci takardar gargaɗi. A watan Satumba Abbott ya daina sayar da ita a duk duniya. Kamfanin ya ce rashin ciniki ne. To, ni dai na ce wane likita ne zai ci gaba da saye bayan ya ga waɗannan lambobin?

A nan dole a yi adalci. Wani ɓangare na laifin na yadda aka riƙa sa ta ne a farko. An ɗauke ta kamar ta ƙarfe, a zura a hura a fita. Daga baya aka gane tana son lallami: a fara buɗe wurin sosai, a auna faɗin jijiyar daidai, a guji ƙananan jijiyoyi, sannan a sake hura balan-balan a cikinta don ta manne. Da aka bi haka abin ya yi sauƙi, amma ba ta kamo ta ƙarfe ba.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba, kuma Hajiya wannan ɓangaren naki ne. An ci gaba da bin mutanen nan. A 2019 aka haɗa bincike huɗu wuri guda, mutum 3,384, aka duba shekara biyar. Daga ranar farko zuwa shekara uku, daskarewar jini a mai narkewa kashi 2.4 cikin 100 ce, a ta ƙarfe kashi 0.6. Ninki huɗu. Amma daga shekara uku zuwa biyar fa? Mai narkewa kashi 0.1, ta ƙarfe kashi 0.3. Kun gani? Da ragar ta gama tafiya, ƙarin haɗarin ya tafi da ita. Ba abin da ya saura da jini zai daskare a kai.

Saboda haka Hajiya, in Absorb ce aka sa wa maigida a 2015, tun wajen 2018 ta gama narkewa, kuma ya tsallake siraɗin. Duk wanda aka sa wa ita a duniya yanzu ya wuce wannan lokacin, tunda tun 2017 aka daina sayarwa. Ki kwantar da hankalinki ta wannan fuskar.

Amma maganar ajiye magani, a'a. Raga ce ta narke, ciwon bai narke ba. Ragar nan tsawonta bai fi gaɓar yatsa ba, wuri ɗaya ta gyara. Maiƙon da ya toshe wancan wurin yana nan a sauran jijiyoyin, kuma yana iya sake taruwa har a inda ragar ta zauna. Magungunan da yake sha kashi-kashi ne. Akwai masu tsinka jini guda biyu da ake haɗawa bayan an sa raga, asfirin da wani na biyu, galibi kilofidogirel wanda aka fi sani da Plavix, ko kuma Brilinta. Na biyun nan ne yake da wa'adi. Mai ragar ƙarfe yawanci wata shida zuwa shekara, mai Absorb kuwa masana da yawa sun ba da shawarar a kai shekara uku in ba ya zubar da jini. To wannan mai yiwuwa ne likita ya sauke masa shi, in ma bai riga ya sauke ba. Amma ɗaya mai tsinka jinin, da maganin rage maiƙo, da na hawan jini, da na suga in yana da shi, waɗannan abokan zama ne. Ku ɗauki ledar magungunan gaba ɗaya da takardun Indiya ku je wurin likitan zuciya, akwai su a asibitin Malam Aminu Kano, shi zai ce wannan a ci gaba, wannan a ajiye. Kada a yanke hukuncin a tsakar gida.

Na taɓa ganin wani dattijo ɗan kasuwar hatsi da aka yi wa aikin a waje. Bayan wata takwas ya ji garau, ya koma harkarsa, ya ce ai an gaya masa tasa mai narkewa ce, ya tabbata ta narke tunda ba ya jin komai. Ya ajiye magani. Ku lissafa da abin da na gaya muku ɗazu: wata takwas shi ne daidai lokacin da ta fara kakkaryewa. Allah ya sa ɗansa ya lura da wuri aka mayar da shi kan magani kafin wani abu ya faru. Ba wauta ba ce ta sa shi, kalmar ce ta yaudare shi, kuma ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani da harshen da yake ji.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, ba kullum ganganci ne yake sa a bar magani ba. Damina ta faɗi, kuɗi sun tafi taki da 'yan ƙwadago, magani ya ƙare, a ce bari a sayar da shinkafa tukuna. Wannan bari ɗin ne nake tsoro. Wanda aka sa wa raga, kowace iri ce, a shekarar farko kuɗin maganinsa gaba yake da kuɗin taki. 'Ya'ya ku ji wannan, ku ne masu saye. Haka azumi: ba dalili ne na tsallake ƙwaya ba, likita zai iya tsara maka ita tsakanin sahur da buɗa-baki, ko ya gaya maka in azumin ma bai kamace ka ba a bana. Sannan mai shan maganin tsinka jini ya yi hankali da ƙaho wurin wanzami, da cire haƙori ba tare da ya faɗa ba, da magungunan ciwon jiki irin su dikulofenak da ake saye a kemis kamar gyaɗa. Haɗa su yana iya fasa gyambon ciki. In ka ga bayan gida ya koma baƙi ƙirin, asibiti za ka nufa.

Yanzu Malam na Ƙiru. Absorb ta tafi, amma tunanin bai mutu ba. Kamfanin Biotronik na Jamus ya yi wata da ƙarfen maganiziyam mai suna Magmaris, wadda take kusan ƙarewa cikin shekara guda, daga baya ya fito da sabuwarta. A Indiya kamfanin Meril yana da MeRes100, wadda kaurin sandunanta maikiron 100 ne. Chana ma tana da nata. Duk sun koyi darasi, sun rage kauri, wasu sun rage tsawon lokacin narkewa, kuma sakamakon farko-farko na wasunsu yana da kyau. Amma ku tuna ita ma Absorb sakamakonta na farko kyakkyawa ne, sai da aka gwada ta a dubban mutane aka jira shekara uku sannan ta nuna halinta. A 2018 ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta rubuta a ƙa'idojinta cewa kada a sa raga mai narkewa sai a cikin bincike da ake sa wa ido.

In da mahaifina ne, ta ƙarfe mai magani irin ta zamani zan zaɓa masa, ba tare da dogon tunani ba. An sa wa miliyoyin mutane ita, an san halinta na shekara goma da fiye. Kuma tsada ba ita ce inganci ba. A Indiyar ma, a watan Fabrairun 2017 gwamnati ta ƙayyade farashin raga, ta sa mai magani ta ƙarfe da mai narkewa a layi ɗaya, rufi 29,600, bayan an daɗe ana kukan yadda ake tsawwala wa marasa lafiya.

Akwai wani dalilin da ya shafe mu mu kaɗai. Kashi 2 cikin 100 ga mutumin da gidansa yake minti goma da asibitin da za a buɗe masa jijiya cikin dare, daban yake da kashi 2 ga mutumin Doguwa. Daskarewar jini a raga ba ta sallama, bugun zuciya ne kai tsaye, kuma naman zuciya yana fara mutuwa ne cikin mintuna, in an ɗauki awowi an yi asara mai yawa. Shi kuwa sai an nemo mota, a ratsa dajin Falgore, a wuce Tudun Wada, a fito Kwanar Ɗangora, sannan a kama titin Kano. Ku na Ƙiru da Bebeji kun ɗan fi kusa, amma ku ma kun san abin da ake nufi da neman mota ƙarfe biyun dare. Wanda yake nesa da asibiti, abin da ya fi kwanciyar hankali shi ya kamace shi. Fa'idar mai narkewa, in ma ta tabbata, sai bayan shekaru masu yawa ake cin ta, shi ya sa aka fi yi wa masu ƙananan shekaru kwaɗayinta. Dattijo mai shekara saba'in me zai jira?

Ko wacce aka sa, kada ku baro asibitin sai da katin raga a hannu. Ƙaramin kati ne mai ɗauke da sunanta, da faɗinta da tsawonta, da jijiyar da aka sa ta, da kwanan wata. Ku nemi faifan hoton aikin, ku sa likita ya rubuta wata nawa za a sha kowane magani. Ku ɗauki hoton duka a waya ku tura wa mutum biyu a gida. Sau da yawa mutum zai zo ya ce an sa min abu a zuciya a Masar, ka ce wane iri, ya ce wallahi yaron da ya raka ni ne ya sani, shi kuma yana Legas. Kuma in ciwon ƙirji mai nauyi ya taso, da gumi, ko yana harbawa hannu ko muƙamuƙi, kada a tsaya jiƙa wani abu ko a ce bari gari ya waye. In likita bai hana shi asfirin ba ya tauna, a kama hanya da katin a aljihu.

Wani abin mamaki kafin lokaci ya ƙure mana. Robar nan da ta sha kaye a zuciya ta samu gurbi a ƙafa. Masu ciwon suga sun san yadda jijiyoyin ƙasan gwiwa suke toshewa, ciwo ya ƙi warkewa har a kai ga yanke ƙafa. A wurin an daɗe balan-balan kawai ake hurawa, jijiyar kuma ta sake rufewa. Kamfanin Abbott ɗin dai ya yi wata mai narkewa mai siraran sanduna, Esprit BTK, aka gwada ta a mutum 261, ta fi balan-balan zalla nesa ba kusa ba, kuma FDA ta amince da ita a watan Afrilun 2024. A can ba ta da abokiyar gasa irin ragar ƙarfen zuciya, kuma in ta toshe ba a take ake rasa rai ba. Ciwon ƙafar masu suga kuwa shiri ne guda, akwai saƙonni a kansa da suka taru, shi za mu ɗauka mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a je a sa'a a dawo a sa'a. Hajiya, a gaida maigida da jiki. Masu tambaya ku ajiye a ƙarƙashin wannan rubutun, amma don Allah kada ku sa sunan mara lafiya ko hoton takardunsa a fili.